Kawuna da Bishiyoyinsa na Cikin Tukunya

Allah Ya yi wa Kawu rasuwa ranar wata Talata cikin sanyin Fabrairu, a wani asibiti da ke tsibirin Staten a nan Amurka, gobe kuma za a yi sadakar arba'in ɗinsa. Daga Allah muke, wurinSa kuma za mu koma. Ni ma'aikaciyar jinya ce, rubutun da na saba bai wuce na awon zazzaɓi ba. Amma na ga yadda aka yi zaman makokinsa, na kuma san idan ban rubuta ba, nan da shekara biyu abin da zai rage a bakin mutane shi ne, "Wane tsoho? Au, mai itacen nan."

Gidansa ɗaki biyu ne a hawa na huɗu a unguwar St. George, inda idan ka leƙa taga kana hango jirgin fiton da ke kai mutane Manhattan. Ranar sadakar uku gidan ya cika har bakin matakala, maza a falo, mu mata a uwar ɗaka da kicin. An faɗi alherinsa, ban ce ba a faɗa ba. Wani likita ya ce Kawu ne ya tarbe shi a filin jirgi yana ɗalibi, ya cire kwat ɗinsa ya yafa masa. Liman ya ce bai taɓa rigan sa zuwa sallar Juma'a ba.

Ana cikin haka sai wani ma'aikacin ofishinsu, wanda ya hau saman bene shan iska, ya sauko yana murza hannu.

"Wa ke da makullin sama?" in ji shi. "Akwai wasu busassun itatuwa guda shida a can. Ya kamata sufa ya kwashe su da shara kafin lanlod ya yi komplen."

Sufa shi ne mai kula da ginin, lanlod kuma mai ginin. Kafin kowa ya amsa, aminin Kawu, wani tsohon direba mutumin Damagaram, ya ajiye carbinsa.

"Bon, Malam, ba ka sani ba shi ya sa. Barci suke. Wanda ya taɓa su, wallahi ni da shi ne."

Aka yi 'yar dariya a ɓoye, irin ta gidan makoki. Wata dattijuwa 'yar Zangon Kumasi da ke kusa da ni ta taɓo ni.

"'Yata, bishiyan nan, ana cin 'ya'yanshi ne?"

Na ce a'a.

"Ganyen fa, ana miya da shi?"

"A'a, Hajiya."

"To magani ne?"

"Ba magani ba ne. Kallonsu kawai ake yi."

Ta gyara mayafi, ta ce, "To, Allah Ya jiƙan shi." Sannan ta dafa kafaɗata ta ƙara da cewa, "Ke dai kin gode Allah, kun rabu lafiya. A hannunki ya cika."

Nan ne na tashi na shiga banɗaki na kulle ƙofa. Gaskiya ne a hannuna ya cika, amma shekara shida da suka wuce na gaya wa Kawu wata magana da ba a gaya wa babba, ban kuma taɓa buɗe baki na ce ya yafe mini ba. Ban san ko da ita a ransa aka binne shi ba. Abin da ke cin raina ke nan tun ranar Talatar nan.

Kawu yayan mahaifiyata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ya zo ƙasar nan jim kaɗan bayan ƙasarmu ta samu mulkin kai, yana kukun wani babban ma'aikaci. Da aka mayar da maigidan gida, shi ya tsaya ya zama masinja a ofis. Kullum da safe zai ɗora kwat a kan kaftani, ya sa hula, ya ɗauki filas ɗin shayi, ya shiga jirgin fito ya zauna a benci guda, kusa da taga ta hannun hagu. Idan ya tarar da wani a wurin ba ya magana, sai ya tsaya a kansa yana murmushi har mutumin ya tsargu ya matsa. A shekararsa ta biyu matarsa ta rasu wajen haihuwa a gida, ita da abin da ta haifa, wasiƙar kuma ba ta iso shi ba sai bayan sati uku. Bai sake aure ba. Mahaifiyata ta yi ta aiko masa da hotunan zawarawa, shi kuma ya yi ta mayar da su, kowanne haɗe da turmin atamfa, wai a ba baiwar Allah haƙuri.

A shekarar rashin ne ya sami bishiyarsa ta farko. Wani baƙo daga gabas mai nisa ya kawo wa maigidansa ita kyauta a wata 'yar tukunya, mapul ce, irin ƙananan nan da ake shukawa don ado. Da kaka ta yi, bishiyar ta zubar da ganye, uwargidan ta ce a fitar mata da wannan tsinken. Kawu ya rungumo tukunyar ya shigo da ita jirgi, don shi tukunyar yake so, wai zai riƙa zuba albasa. Ya ajiye ta a saman bene ya manta da ita, ƙanƙara ta binne ta wata uku. Da sanyi ya sauka ya hau ɗauko tukunyarsa, sai ya tarar tsinken ya fitar da jan toho. Ya taɓa gaya mini cewa ya daɗe a tsugune a gabanta ran nan, har ya makara ofis, abin da bai taɓa yi ba. Wata tsohuwar Baturiya da ke hawa na biyu ce ta koya masa sauran, ita da hannu shi da hannu, don Turancinsa a lokacin bai wuce na gaisuwa ba.

Lokacin da na zo karatun jinya a farkon shekarun saba'in, na sauka a wurinsa, sun zama bakwai. Ta farkon ta girma har ya mayar da ita cikin rabin gangar katako, yana kiran ta Tsohuwa. Ganyensu kamar na rama yake, mai yatsu biyar ko bakwai, sai dai ya fi shi laushi. Babu wadda ta wuce tsayina.

Ni kuwa ina da baki, duk danginmu sun sani. Na ce, "Kawu, mutane suna shuka mangwaro su sha, suna shuka darbejiya su zauna a inuwa. Wannan ko kaza ba za ta fake a gindinta ba."

Ya ce, "Ki bari tukuna."

Amsarsa ke nan ga rabin tambayoyin duniya. Kawu ba mai bayani ba ne. Idan na tambaye shi ko a ba su ruwa, sai ya ce, "Tambayi ƙasar, kada ki tambaye ni," wato in cusa yatsa cikin tukunya har gaɓa biyu, idan na ji danshi in ƙyale su. Ƙasar ma shi yake haɗa abarsa, da ɓawon itace da tsakuwa ƙanana, don ruwa ya wuce ya fita ta hujin gindi. Ya ɗora kowace tukunya a kan bulo. Da zafi yakan jera su inda za su sha hantsi, sannan inuwar ɗakin tankin ruwa ta rufe su kafin azahar, don ranar yamma da iskar teku suna ƙona bakin ganyen. Da ya dawo daga aiki ba ya ko cire hula, sama yake hawa. Na sha jiyo shi daga matakala yana ba su labarin abin da aka yi a ofis.

Wata biyu da zuwana kewar gida ta kama ni. Na daina cin abinci sosai, ina kwana ina tashi da tunanin mahaifiyata. Wata Asabar cikin Oktoba ya ƙwanƙwasa ƙofata ya ce in sa rigar sanyi in biyo shi. Da muka fito saman bene na tsaya cak. Bishiyoyin nan da na raina sun rine, wata ja kamar lalle ya kama, wata ruwan goro, wata ruwan ɗorawa, ga hasken safe yana ratsa su. Bai ce kin gani ba. Ya zuba mini shayi a murfin filas, ya tsinki ganye ɗaya daga jikin Tsohuwa ya ce in sa a wasiƙar da zan aika gida. Da amsar ta zo, mahaifiyata ta rubuto tana tambaya ko ramar Amurka haka take lalacewa. Ranar na ga Kawu ya yi dariya har da hawaye.

Da ganyen ya gama zuba, ya tattara tukwanen a jikin bango inda iska ba ta bugu, ya naɗe kowace da jaridu da buhun algarara, ya ɗaure da igiya. Rassan kuwa ya bar su tsirara. Hajjin shekarar a tsakiyar hunturu ya faɗo, shi kuma Allah Ya kira shi, zai biya ta gida ya yi sati shida. Ranar tafiya yana tsaye da jaka a bakin ƙofa ya ce mini, "Na sama, kada ki taɓa su. Barci suke."

Na ce to.

Kwana goma da tafiyarsa aka yi wani sanyi da ban taɓa sanin akwai irinsa ba. Rediyo tana ta cewa ko kare kada a bari a waje. Na hau sama na tarar ƙanƙara ta daskare a jikin rassan, iska tana kaɗa su suna ƙara. Tausayi ya kama ni. Mu a gida idan sanyi ya yi tsanani, har 'yan awaki da 'yan tsaki muna shigarwa ɗaki, a hura wa tsofaffi wuta. Abin da na sani yana kashe shuka kuma ƙishirwa ne. Na ce a raina, Kawu dai namiji ne, bai san reno ba, ni kuwa ga ni ana koya mini kula da marasa lafiya. Na kira abokan karatuna biyu muka sauko da su ɗaya bayan ɗaya, Tsohuwa sai da muka ja ta a kan bargo. Na jera su a falo kusa da hitar ɗumama ɗaki, na kwance buhunan, ina ba su ruwan ɗumi safe da yamma.

Kafin sati uku suka fara toho. Ganye ya fito fari-fari, siriri, yana miƙewa wajen taga. Murna kamar ta kashe ni. Har mutane na gayyato su zo su ga yadda na tayar da bishiyoyin Kawu a tsakiyar ƙanƙara.

Ya dawo da rana, amininsa ya ɗauko shi daga filin jirgi. Na yi masa tuwon semo da miyar kuka, na share gida, na tsaya a bakin ƙofa ina jiran yabo. Ya shigo da sallama, ya ga falon, ya ajiye jarkar zamzam a ƙasa. Bai cire kwat ba ya zauna a kujera. Can ya tashi ya je wurin Tsohuwa, ya cusa yatsa a ƙasarta, ya zaro ya sansana.

"Kin tashe su," in ji shi.

"Ai sanyi ne zai kashe su, Alhaji Kawu. Dubi yadda suka farfaɗo."

"Sanyin suke so. Idan ba su yi barcinsu ya cika ba, ba su da ƙarfin shekara. Yanzu in na mayar da su waje ƙanƙara ta ƙone tohon, in na bar su a nan zafi ya cinye su."

Iyakar abin da ya faɗa ke nan, tuwon ma bai ci ba. Ya kashe hitar falo, ya buɗe taga kaɗan, muka yi wata biyu muna zama da kwat a cikin gida. Shida suka rayu da ƙyar. Tsohuwa kuwa ruwan da na yi ta ɗura mata ya riga ya ruɓar da saiwarta. Ganyen ya yanƙwane, rassan suka yi baƙi daga sama zuwa ƙasa. Wata Lahadi cikin Afrilu ya zare ta daga gangar, saiwar tana wari, ya zauna a ƙasa da ita a cinyarsa. Na leƙo na ga yana kuka.

Da na yi shiru da shi ke nan. Amma wata biyu ina fama da shirunsa, ga kunya, ga sanyi, ga jarrabawa, kuma ni idan na ji kunya faɗa nake yi. Na ce, "Haba Kawu, itace ne fa! Ba ya 'ya'ya, ba ya inuwa. Da ka taɓa haihuwa da ba ka zauna kana yi wa itace kuka ba."

Tun kafin in rufe baki na san abin da na yi. Na yi wa yayan uwata gorin haihuwa, mutumin da ɗansa ɗaya tilo bai kwana a duniya ba. Ya ɗago ya dube ni, ba da fushi ba, ya share ido da bakin hannun riga. Ya ce, "Haka ne." Ya naɗe bishiyar a buhu ya sauka da ita.

Sati biyu bayan nan na koma ɗakin kwanan ɗalibai, na ce don ya fi kusa da asibiti. Ya ɗaukar mini akwati har bakin jirgi.

Kada wani ya ɗauka mun yi gaba. Da ma mun yi, da ya fi mini sauƙi. Shi ya tsaya a matsayin uba ranar ɗaurin aurena. Da muka tare kusa da titi na 125 a Harlem, shi ya kawo mana tukwanen girki. Da na haihu shi ya yi wa ɗana huɗuba a kunne. Kowace Sallah nakan je gaishe shi, kuma tun daga cikin jirgi nake shirya maganar, kalma huɗu ce kacal, Kawu ka yafe mini. In na isa sai in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi maigida da yaro, in tambayi ƙafarsa, mu yi zancen sanyi. Bai taɓa ce mini mu hau sama ba, ni ma ban taɓa tambayar lafiyar na saman ba. In dawo jirgi ina zagin kaina, in ce sai wata Sallar. Haka na yi shekara shida. Mutanen da suke zuwa masa hira ma suka yi ta raguwa, wasu an mayar da su gida, Baturiyar hawa na biyu ta rasu, ya zama daga shi sai amininsa ran Juma'a, sai bishiyoyi shida.

Zuciyarsa ce ta buga yana hawan matakala. Da na isa asibitin na tarar an sa masa robar iska a hanci, yana magana da ƙyar. Na ja kujera na kama hannunsa, na ce yau kam ko me zai faru sai na faɗa.

"Kawu, akwai maganar da na daɗe..."

Ya matse hannuna. "Saurara. Biyun da ke kusurwa, bana ne za a rage musu saiwa. Ƙarshen Maris, kafin toho ya buɗe. Ki zare su, ki yanke kashi ɗaya cikin uku, ki sa sabuwar ƙasa. Kaya suna cikin akwatin katako."

"To, Kawu. Amma ina so in ce..."

"Makullin yana aljihun kwat. Kada ki ba kowa."

Ya rufe ido don ya huta, na ce bari ya farka. Bai farka ba. La'asar tana yi ya cika, ina riƙe da hannunsa ina masa kalmar shahada. Na yi ta juya wannan wasiyyar a raina kwana da kwanaki. Wani lokaci in ce yafiya ce, tunda ya ba ni amanar abin da na taɓa kashe masa. Wani lokaci in ce ba shi da kowa ne kawai, kuma ya katse ni ne don ba ya son jin maganar.

Shekaranjiya na je cika wasiyyar. Amininsa ya same ni a can da mota, don in mun gama mu kwashe su zuwa bayan gidanmu, inda na sami wani lungu mai samun hantsi. Rassan sun fara kumbura, tohon bai buɗe ba tukuna. Na kwance buhun ta farko na kama gindinta na ja, ta ƙi fita. Na kwantar da tukunyar na ja, tukunyar ta biyo ni. Saiwar ta cika ta ta kama ko'ina. Sai na gane aikin nan na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe tukunya, ɗaya ya zare bishiya.

Na ce wa tsohon, "Baba, ashe kai kake riƙe masa."

Ya girgiza kai. "Ni? Bai taɓa yarda ba. Shi kaɗai yake kokawa da su, ya danne tukunya da gwiwa, ya yini a kan guda. Kowace shekara sai na ce in zo in kama mishi, sai ya ce a'a, yana da mai kama mishi, ba ta dai samu sarari ba tukuna."

Na juya na buɗe akwatin katakon don in ɗauko wuƙa. Ga wuƙar, ga almakashi, ga igiya, ga safar hannunsa ta fata duk ta tsage a yatsu. A ƙarƙashinta akwai wata safar, ƙarama, ta mata, har yanzu a haɗe da zaren kanti, takardar da ke jikinta ta yi ja don daɗewa.

Na zauna a kan bulo na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza. Na faɗi kalmomin nan huɗu da ƙarfi, tsohon ya juya baya ya ba ni wuri.

Allah Ya jiƙan Kawu, Ya yalwata masa makwanci, Ya haɗa shi da matarsa da ɗansa a inuwar da ba ta gushewa. Wanda ya karanta wannan ya sa shi a addu'a, ya sa ni ni ma.

Da na gama na tsinke zaren na sa safar. Ta yi mini daidai. Na ce wa tsohon ya riƙe tukunyar, na kama gindin bishiyar na ja.